Awon da Kafinta Gorio Ya Yi wa Ɗansa

Santa Rufina, farkon watan Afrilu

Zuwa ga Tiya Lumen,

Na ɗora hannunki a goshina daga nesa, tare da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, gwiwar nan ta daina damunki, kuma tsohuwar da kike jinya a Hong Kong ta bar ɓoye miki silifa. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mangwaro ya yi arha har yara na jifan juna da shi.

Kin ce in bar kiranki a waya daga shago, domin duk abin da muka faɗa sai ya riga ni isa kasuwa. Gaskiyarki ce. Mace tana zaune na'urar busar da gashi ta rufe mata kai, ki rantse ba ta ji, ashe ita ta fi kowa ji. To ga takarda.

Albishir nake tafe da shi. Kin san sha bakwai ga Mayu, ranar da duniya ta ware don a daina tsangwamar irinmu, mu bakla, maza masu halin mata, da sauran masu son jinsinsu. Kin kuma san Lahadin kyandir, da ake tunawa da waɗanda ƙanjamau ta ɗauke. Bana sun faɗo rana ɗaya, kuma a cikin watan zagayen sarauniyoyi, lokacin da 'yan mata kan ci ado su zaga gari a bikin coci. Sai Ate Perla, nas ɗin asibitin unguwa, ta ce me zai hana mu yi namu zagayen, mu taso daga dandali mu ƙare a ƙofar asibiti, inda za ta kafa tantin gwajin jini. Bara wuni ta yi a tantin nan daga ita sai ƙudaje, ba wanda ya yarda a gan shi yana shiga. Ta ce in mutane ba za su zo don lafiyarsu ba, ai za su biyo mu don kallo. Fadan cocinmu bai sa albarka ba, bai kuma hana ba. Ya dai ce kada a bi ta gaban coci da tsagaggen siket.

Aka yi ƙuri'a, kuma ni ɗanki ne sarauniyar ƙarshe, mai riƙe ƙaramin gicciye. Abokina Jojit ya yi fushi don ba shi aka zaɓa ba, har ya ƙi cin taliyar da na dafa, daga baya ya ce shi zai yi mini kwalliya don kada in kunyata gari.

Riga nake roƙo. Duk yankin nan babu mai kama ƙafarki a ɗinkin duwatsu. Awona yana bayan takarda, kuma na ɗan rame, ki rage ƙugu. Yanzu kusan kullum ina asibitin, an ɗebi jinina, Ate Perla ta ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Zan yi miki bayani wani lokaci.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Rumfar gora da furanni da ake riƙe wa sarauniya a ka, mazan gidansu ke ɗauka, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kowa ya samu nasa, wani wa, wani kawu. Ni mahaifina, Tatay, kaɗai gare ni, kuma ke 'yar baffansa ce, kin san halinsa. Tun rasuwar mahaifiyata Nanay, tsakanina da shi “Ka ci abinci?” “Na ci.” In ya hango ni da jan baki sai ya shiga gyaran hula har in wuce. Ba zan tambaye shi ba, tsoron amsar nake. Na yi magana da 'yan dako biyu a kasuwar kifi. Amma ina so, Tiya. Ko sau ɗaya a rayuwata ina so in yi tafiya a titi yana gefena.

Ki gaida matan da kuke zama tare a kan kwali ranar Lahadi in kun samu hutun aiki. Na san za ki karanta musu, to ki tsallake maganar ƙugu.

Ɗanki,
Baldomero a takarda, Mera a gari

*

Hong Kong, tsakiyar Afrilu

Mera, ɗana,

Ubangiji ya yi maka albarka. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi. Ba zan tambayi taka lafiyar ba, domin na gane abin da ka kasa faɗa.

Ranar Lahadi muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gada, aka buɗe kulolin abinci, na fara karanta musu wasiƙarka. Ana ta dariya har na zo kan ƙugu, kuma ban tsallake ba. Manang Cora, wadda ta yi aiki a gidan likita, ta dafa hannuna ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, “Lumen, rama, ɗibar jini, ƙwaya kullum, ga kuma ‘ko sau ɗaya a rayuwata.’ Ke ba ki ji abin da yaron nan yake gaya miki ba?” Mata duk suka sa kuka, har da wata da ba ta san ka ba, ta zo aron cokali ne kawai. Ranar ba wanda ya ci abinci.

Me ya sa ka ɗauki wannan kai kaɗai? Ni da na wanke maka kashi kana jariri, ni za ka ɓoye wa?

Ban tsaya neman izininka ba, na kira ubanka. Na ce, “Gorio, kai da ka yi wa rabin garin nan akwatin gawa, ajiye zarto ka saurare ni. Ɗanka na da ciwon nan, ƙanjamau. Ka ci gaba da gyaran hularka har a zo a ce maka ka kawo awo.” Na gaya masa komai, har maganar rumfa. Ina jin numfashinsa, can kuma ya kashe wayar. In ya zo maka da wulakanci ka gaya mini, jirgi zan hau.

Rigar ina kanta. Shuɗiya ce, da duwatsu daga wuya har ƙasa, kuma matan Lahadi kowacce ta ɗinka layi ɗaya tana addu'a. Ka ci shinkafa, ka bar tsayuwa da yawa a shago.

Tiyarka mai ƙaunarka,
Lumen

*

Santa Rufina, bayan tsakiyar Afrilu

Tiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau. Har yanzu ban ga amsarki ba, ko wasiƙata teku ta faɗa? Ban iya jira ba, domin wani abu ya faru da ya fi ƙarfin kaina.

Jiya da tsakar rana, ina cikin yi wa Aling Bebang rinin gashi, sai ƙofa ta yi duhu. Tatay ne, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a hannu, tukunya a ɗaya hannun. Ya ajiye tukunyar a kan mujallu ya ce, “Baldo, tsaya a miƙe.” Na tsaya, hannuwana duk rini. Ya auna ni daga ka har ƙafa. Ya auna faɗin kafaɗa. Ya tsaya yana tunani, ya ce, “Da takalmi ko ba takalmi?” Na ce, “Tatay, na me?” Ya ce, “Na ce da takalmi?” Na ce da takalmi. Ya ƙara wani abu, ya rubuta a tafin hannunsa, ya fita.

Aling Bebang ta yi alamar gicciye da rabin kanta baƙi rabi fari. Ta ce, “Mera, duk garin nan an san irin mutanen da Gorio yake aunawa, kuma ba a tsaye yake samunsu ba.” Jojit ya ce in dai akwati ne, in nemi a sa madubi a cikin murfin. Na yi dariya tare da su, amma da na shiga bayan labule sai hawaye.

Ko ya ji labarin zagayen ne, yake gaya mini cewa a wurinsa na mutu? In haka ne, tukunyar fa? Farfesun kaza ne da zogale da citta, irin wanda Nanay take yi wa mara lafiya, sai dai gishirinsa ya isa a jiƙa kifi. Da hannunsa ya dafa, na tabbata, domin ba mai sayar da irin wannan ya kwana a gari. Na shanye tas.

Ki fassara mini ɗan'uwanki, ni ya gagare ni.

Mera

*

Santa Rufina, ƙarshen Afrilu

Tiya Lumen,

Ina gaisuwa, kuma ki buɗe kunne da kyau: lafiyata ƙalau. Ki karanta wa Manang Cora wannan layin sau biyu, tunda tana son maimaici.

Wasiƙarki ta iso yau, ta yi saɓani da tawa a hanya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma na so in shaƙe ki. An ɗebi jinina ne don gwaji, kuma ba ni da ƙwayar cutar. Maganin da nake sha na rigakafi ne, wanda ake ba masu lafiya don kada su kamu. Asibiti kuwa aikin sa kai nake yi, ina taya Ate Perla yi wa mutane bayani. Rama kuma, shinkafa na daina ci don rigarki ta zauna mini. Laifina ne da na ce zan yi bayani wani lokaci, amma ke ma, Tiya, har da kuka da baƙuwar cokali?

Kuma ko da ina da ita, wa ya ce miki mutuwa ce? Jojit ya daɗe da ita, shi da bakinsa yake faɗa a taro. Yana shan maganinsa, cutar ta kwanta har ba ta fitowa a gwaji, kuma ya fi ni ƙiba da surutu. Wannan tsoron naku shi ne ainihin abin da muke fitowa titi don mu kashe.

Yanzu ga inda kika jefa ni. Na aiki Jojit ya leƙa ta katangar gida. Ba akwati ba ne, Tiya. Rumfa ce. Ya jiƙa gora yana lanƙwasawa, doguwa, daidai tsawona da takalmi da kambi. Da yamma ya aiko a ce mini in sallami 'yan dakon kifi, shi da amininsa Mang Lito za su ɗauka.

Abin da na roƙa ya zo, amma ya zo ne domin yana zaton kwanana ya ƙare. In na gaya masa gaskiya, ina tsoron ya koma gyaran hularsa. In na yi shiru, zan tafi a gaban gari ina riƙe da gicciye, zuwa tantin da nake ce wa mutane su daina ɓoye-ɓoye, da ƙarya a gefena. Ke kika ɗaura, ki gaya mini yadda zan kwance.

Mera

*

Hong Kong, farkon Mayu

Kai yaron banza,

Na gode wa Ubangiji, na kunna kyandir, sannan na zage ka. Lafiyata lau, sai kunya. Matan Lahadi sun yi rawa a kan kwali har ɗan sanda ya zo ya tsaya yana kallo. Cora ta ce ita dama ta yi shakka. Na ce mata ta rufe baki, gidan likitan dabbobi ta yi aiki, yanzu muka bincika.

Game da tambayarka, ni tsohuwa ce, ba waliyyiya ba. Ka yi shiru. Me ya rage? Bari ya ɗauki rumfar nan gari ya gani, in ya so washegari ka warke. Mutane na warkewa, ba sabon abu ba ne. In ya zo da farfesu ka ɗan yi tari, ba da yawa ba. Na san Gorio tun muna satar gwaiba tare: in ya ji an yi wasa da hankalinsa, zai shekara bai ɗaga kai ba, kuma wannan damar ba za ta dawo ba.

Na san za ka ce ba daidai ba ne. To ba daidai ba ne. Amma na ga yadda kake leƙensa tun kana ƙarami yana feƙe katako, kana jira ya ce ka miƙo masa guduma. Ina so ka samu wannan yammacin guda, ko ta wace hanya.

Rigar tana hannun 'yar maƙwabciyarku da ke dawowa gida. Ka koma cin shinkafa, na bar wuri a ƙugu, domin ban taɓa yarda da awonka ba.

Lumen

*

Santa Rufina, ana gobe jajibiri

Tiya,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya, zuciya ce ba daɗi. Rigar ta iso, ta yi kyau har na ji tsoron taɓa ta.

Na bi shawararki na ɗan lokaci, har tarin na gwada. Sai na je gida mayar da tukunya. Na same shi a bayan gida ya rame, wandonsa har yana zamewa. Rumfar tana jingine, ta kusa ƙarewa. A gefenta kuma ya sauko da katakon icen nara mai tsadar nan da ya ɓoye a saman rufi, wanda ya ce da shi za a yi nasa akwatin. Ya goge shi, ya jera. Da ya ga ina kallo sai ya ja buhu ya rufe.

Daga nan ban iya ba. Na koma na jawo Jojit, na tsayar da shi a gabansa. Na ce, “Tatay, ba ni da ciwon nan. Tiya ce ta fahimce ni ba daidai ba, ni kuma na sani na yi shiru. Wannan da kake gani shi ke da shi, kuma dubi cikinsa.” Jojit ya shafa tumbinsa ya ce, “Mang Gorio, ni sai na ga bayan ku duka.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Kenan ba abin da ke damunka.” Na ce babu. Ya ce, “Tarin fa?” Na sunkuyar da kai. Ya ajiye wuƙarsa, ya ja tamfol ya lulluɓe rumfar, ya ɗauki hula ya nufi bakin teku. Tun ranar ba farfesu, ba saƙo.

Na koma wurin 'yan dakon kifi, sun yi mini dariya sun yarda. Ate Perla ta aro mini wata ƙaramar rumfa daga makaranta, sai na ɗan rusuna kafin kambin ya shige. Ba na nadama, Tiya, amma yana yi mini ciwo ƙwarai.

Mera

*

Santa Rufina, bayan biki

Tiyata,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, ban da ƙafafuna da suka kumbura. Ki tara matan Lahadi, wannan kada ki tsallake komai.

Rana ta yi sanyi muka taru a dandali. Masu badujala sun jeru, sarauniyoyi kowacce da rumfarta, gari kaf ya fito, har waɗanda suka rantse ba za su kalla ba suna saman baranda. Ni ina can ƙarshe a rusune, 'yan dakona suna ƙarnin kifi. An buga gangar farko ke nan sai na ga kawuna suna juyawa. Rumfa ce ta ɓullo ta kwanar kantin magani, ta fi kowacce tsawo, fararen furanni da jajayen ƙyalle sun rufe ta. A ƙarƙashinta Tatay ne da Mang Lito, sanye da fararen rigunan zuwa biki. Ya zo ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce wa 'yan dakon, “Ku je ku yi wanka.” Ni kuma ya ce, “Miƙe tsaye, akwai wuri. Matsa tsakiya, ka karkace.”

Jojit ya ce in na kuskura na yi kuka na ɓata masa aikin ido, zai kashe ni a gaban jama'a. Na haɗiye.

Muka tafi. A gaban shagon giyar kwakwa wani ya ɗaga murya, “Gorio, 'yarka ta yi kyau!” Na ji gorar ta girgiza a kaina. Tatay ya ce, ba tare da ya rage tafiya ba, “Ta yi. Kai kuma ka zo in auna ka, na ga ka kusa.” Titi ya ɗauki dariya, mutumin ya shige ciki.

A ƙofar asibiti aka kunna kyandir, aka karanta sunayen waɗanda muka rasa, Jojit ya yi magana, mutane suka yi shiru suna ji. Da aka gama, Ate Perla ta ɗaga labulen tanti, sai kowa ya shiga kallon ƙasa kamar bara. Tatay ya jingine rumfa ya ce mata, “A nan aka ce yarona lafiya?” Ta ce e. Ya ce, “To a yi mini in gani da idona, na gaji da jin labarin jini daga Hong Kong.” Ya naɗe hannun riga ya shiga. Mang Lito ya bi shi, wai don kada ya suma. Daga nan matan kasuwa suka fara tura mazansu, “Tsoho ya shiga, kai me kake jira?” Kayan gwajin Ate Perla ƙarewa suka yi, ta ce saura su dawo ranar Litinin, kuma wasu sun dawo.

Washegari ina buɗe shago na same shi zaune a benci. Ya ce, “Na yi fushi ne don an sa ni kukan banza.” Na ba shi haƙuri. Ya juya hularsa a hannu ya ce, “Da aka ce za ka mutu, abin ya zo mini da sauƙi, na san aikin da zan yi. Da ka ce kana nan, sai kunya ta kama ni, domin yanzu kullum zan riƙa ganinka, ban kuma san me ake cewa ba.” Na ce ni ma ban sani ba, ma koya.

Ya tashi ya shiga ciki, ya zauna a kujerar aski, ga mata biyu suna jira suna kallonsa. Ya ce, “Rage mini kaɗan. Ba na son turare.”

Na yafa masa ƙyalle, na sa hannu a kansa. Rabona da taɓa kan nan tun yana ɗaukata a wuya. Ya yi fari fat, Tiya, ban san lokacin da ya yi ba. Na ɗauki almakashi, shi kuma ya rufe ido ya ce in yi a hankali, ba sauri yake ba.

Ɗanki,
Mera